Harshen Gida a Babbar Makaranta: Tarihin Nazarin Hausa a Sakkwato da Abin Koyi Daga Ƙasar Norwe

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce mu bi sawun yadda harshen Hausa da adabinsa suka zama fannin nazari a manyan makarantu, musamman a nan Sakkwato, sa'an nan mu gwada wannan tarihi da na wani harshe na can arewacin Turai, watau harshen mutanen ƙasar Norwe. Watakila wani ya ce, me ya haɗa kifi da kaska? Dalilinmu shi ne, mutanen Norwe sun yi shekaru ɗaruruwa suna magana da harshe ɗaya, suna rubutu da wani. Da suka tashi shigar da nasu cikin makaranta, sai suka ci karo da tambayoyin da ke gabanmu yau: karin wane gari za a ɗauka a daidaita, yaya za a yi da sauran kare-karen, kuma wa zai horar da malaman da za su koyar? Yawansu bai wuce miliyan biyar da rabi da 'yan kai ba, masu jin Hausa kuwa sun ninka su fiye da sau goma. Duk da haka ana koyar da harshensu da adabinsu a jami'o'in ƙasashe da yawa. Ya kamata mu san yadda aka yi haka ta faru.

2.0 Yadda Harshen Norwe Ya Shiga Makaranta

Tun daga shekarar 1380 har zuwa 1814 ƙasar Norwe tana ƙarƙashin sarauta ɗaya da Danmak. A cikin wannan dogon zamani tsohon rubutaccen harshen Norwe ya kwanta, harshen Danmak ya maye gurbinsa a kotu da majami'a da makaranta. Wanda ke son ilmi mai zurfi sai ya ƙetare teku ya tafi Kopanhagan, domin ba a kafa jami'a a Norwe ba sai a 1811, a birnin da ake kira Oslo yanzu. Manomi da masunci suna magana da karin ƙauyensu, amma ɗansu a makaranta yana karatu da harshen da bai taɓa ji a bakin mahaifiyarsa ba.

Bayan rabuwa da Danmak a 1814, mutane biyu suka fito da hanyoyi biyu. Na farko shi ne Ivar Aasen, ɗan manomi ne daga yammacin ƙasar, wanda bai yi karatun jami'a ba. Daga 1842 zuwa 1846 ya yi ta yawo ƙauye-ƙauye, yana sauraren maganar talakawa yana rubutawa. A 1848 ya fitar da nahawun waɗannan kare-kare, a 1850 ya fitar da ƙamusunsu, daga nan ya tace su ya gina rubutaccen harshe guda, wanda ake kira Nynorsk a yau, watau sabon harshen Norwe. Na biyu shi ne Knud Knudsen, malamin makaranta. Shi a ganinsa a riƙe rubutun Danmak ɗin da aka saba da shi, a riƙa gyara shi sannu a hankali har ya dace da lafazin mutanen birane. Wannan hanya ce ta haifi Bokmål, watau harshen littafi, wanda mafi yawan mutanen ƙasar ke rubutu da shi. A daidai wannan zamani ne kuma wasu abokai biyu, Asbjørnsen da Moe, suka soma buga tatsuniyoyin da suka tattaro daga bakin jama'a, daga shekarar 1841.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne matakan da hukuma ta ɗauka, ɗaya bayan ɗaya. A 1878 majalisar ƙasar ta yanke cewa a riƙa koyar da yara da irin maganar da suke yi a gida gwargwadon hali. Malami ne zai bi bakin yaro, ba yaro zai bi bakin malami ba. A 1885 ta daidaita matsayin rubutattun harsunan biyu, da ƙuri'a 78 a kan 31. A 1886 aka naɗa Moltke Moe, ɗan wancan mai tattara tatsuniyoyi, shehun malami a jami'a don koyar da harshen talakawa da adabinsu na baka. A 1899 aka naɗa Marius Hægstad shehun malami na sabon rubutaccen harshen da kare-karen ƙasar. A 1902 aka wajabta wa ɗaliban makarantun horar da malamai su iya rubutun biyu, a 1907 kuma aka kai wannan sharaɗi ga jarrabawar shiga jami'a. Ke nan cikin shekara talatin harshen ƙauye ya taso daga aji ɗaya ya kai kujerar shehun malami, kuma makarantar horar da malamai ita ce gadar da ya bi.

Daga gida abin ya fita waje. Mutanen Norwe kimanin dubu ɗari takwas suka yi ƙaura zuwa Amurka tsakanin 1825 da 1925, suka kafa kwalejojinsu, kamar Luther a 1861 da St. Olaf a 1874, inda 'ya'yansu ke nazarin harshen kakanninsu. A 1875 Jami'ar Wisconsin ta buɗe sashen nazarin harsunan arewacin Turai, ta ɗora Rasmus B. Anderson a kansa. Wasannin kwaikwayon Henrik Ibsen kuma suka sa baƙi sha'awar koyon harshen, har ya zuwa 2023 da Jon Fosse, wanda ke rubutu da harshen nan na Ivar Aasen, ya sami kyautar Nobel ta adabi.

3.0 Matsayin Hausa a Sakkwato Kafin Zuwan Boko

Idan muka dawo gida, za mu tarar Sakkwato gari ne da aka kafa a kan ilmi. Muhammadu Bello ya gina ta a 1809, shekara biyar da soma jihadi, kuma shi da mahaifinsa Shehu Usmanu da baffansa Abdullahi sun bar littattafai ɗaruruwa. Harshen wannan ilmi kuwa Larabci ne. Shi ake nazarin nahawunsa da lugarsa da aruli da balagarsa. Hausa da Fulatanci suna da nasu aiki daban: da su malami ke fassara littafi a zaure, da su ake wa'azi a kasuwa, da su kuma ake tsara waƙoƙi cikin ajami don mai karatu da wanda bai yi ba.

A wannan fage babu kamar Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864. Ta yi rubutu da harsunan uku, ta mayar da waɗansu waƙoƙin mahaifinta daga Fulatanci zuwa Hausa, ƙanenta Isa ɗan Shehu ma ya yi irin wannan aiki. Ta kuma kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajis ke jagorantar matan ƙauyuka su zo su ɗauki karatu su koma su koyar. Waƙa ita ce littafin wannan makaranta. Saboda haka muna iya cewa an yi koyarwa da Hausa a ƙasar Sakkwato tun ƙarni na sha tara, sai dai ba a zauna an yi nazarin ita Hausar kanta ba. Da ita ake ɗebo ilmi a raba, amma ba a ɗauke ta fanni mai zaman kansa ba. Wani abin lura kuma shi ne, mafi yawan waɗannan waƙoƙi da Hausar yamma aka tsara su, watau irin maganar Sakkwato da Gwandu da Gobir da Zamfara. Za mu dawo kan wannan batu.

4.0 Hanyar da Hausa Ta Bi Zuwa Jami'a

Waɗanda suka fara mayar da Hausa abin nazari irin na boko baƙi ne, kuma a ƙasashensu suka yi. J.F. Schön ya buga jerin kalmomi a 1843, nahawu a 1862, ƙamus a 1876, da Magana Hausa a 1885, yawancin abin da ke ciki daga bakin Dorugu, wani yaro Bahaushe da ya bi Heinrich Barth zuwa Turai. A 1896 Jami'ar Kambirij ta naɗa C.H. Robinson malamin Hausa. Ke nan an koyar da Hausa a jami'a a Ingila shekara bakwai kafin Turawa su ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Manufar wannan nazari kuwa a bayyane take: a sami jami'an mulki da sojoji da 'yan mishan masu jin harshen mutanen da za su zauna da su.

Sakkwato ta ba da gudummawa babba ga wannan aiki tun farkonsa. Razdan na Sakkwato, Manjo Burdon, ya sa malamai sun rubuta masa tatsuniyoyi da labarai da tarihi cikin ajami. Waɗannan takardu suna cikin abin da Frank Edgar ya mayar boko ya buga cikin kundi uku da sunan Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, daga 1911 zuwa 1913. Amma cibiyar boko ba ta zauna a Sakkwato ba. Hanns Vischer, Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, ya fitar da ƙa'idojin rubutu a 1912. Hukumar Fassara ta soma a 1929, ta koma Zariya, ta zama Hukumar Talifi, ta shirya gasar 1933 wadda ta haifi Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar. Ƙamusun Bargery ya fito a 1934, Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Aka kafa Hukumar Hausa a 1955. Duk waɗannan sun ɗora rubutu bisa Hausar gabas, musamman ta Kano, kuma taron daidaita rubutu na Bamako a 1966, da na Kano a 1972, da na Yamai a 1980 sun tabbatar da wannan tushe.

Da Hausa ta shiga jami'a a gida, a Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Ingilishi aka fara bayaninta. Manyan malamanmu na farko a waje suka yi digirinsu na uku, kuma da Ingilishi suka rubuta: M.K.M. Galadanci a Landan a 1969, Ɗandatti Abdulƙadir a Indiyana a 1975, Ɗalhatu Muhammad a Landan a 1977. Har ma Jami'ar nan ta Wisconsin da muka ambata, wadda ta buɗe sashen nazarin harsunan arewacin Turai a 1875, ita ce ta ɗauki Neil Skinner ya koyar da Hausa, a can kuma ya fassara kundin Edgar zuwa Ingilishi. Waɗannan malamai namu ne, da Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya da aka kafa a Kano a 1969, suka yi ɗawainiyar juya akalar, har aka koma koyar da Hausa da Hausa. Kundin Bello Sa'id na 1978 a kan gudummawar masu jihadi ga adabin Hausa, da Rabe-raben Adabin Hausa na Abdulƙadir Ɗangambo a 1984, da Hausa a Rubuce na Ibrahim Yaro Yahaya a 1988, da ƙamusun keɓaɓɓun kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990, duk shaidu ne na wannan juyi.

5.0 Nazarin Hausa a Manyan Makarantun Sakkwato

Tun kafin a sami babbar makaranta a Sakkwato akwai waɗanda suka gane amfanin Hausa wajen koyarwa. Shehu Shagari, lokacin yana malamin makaranta, ya tsara Waƙar Nijeriya don ya sauƙaƙa wa yara labarin ƙasa, watau ya bi sawun Nana Asma'u ne da alli a hannu. Wazirin Sakkwato Junaidu kuma, duk da zurfinsa a Larabci, ya ba masu karatun boko Tarihin Fulani da Hausa.

A 1967 Sakkwato ta zama hedikwatar Jihar Arewa maso Yamma. A 1970 aka buɗe Babbar Kwalejin Horar da Malamai, wadda daga baya ta zama Kwalejin Ilmi aka kuma sa mata sunan Shehu Shagari. A 1975 aka kafa Jami'ar Sakkwato, ta ɗauki ɗalibanta na farko a 1977, aka sauya mata suna zuwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 1988. Waɗannan shekaru sun zo daidai da shirin ilmin firamare kyauta na 1976, da Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 wadda ta ce a soma koya wa yaro da harshen uwa ko na unguwarsu, da tsarin mulkin 1979 wanda ya ambaci Hausa cikin harsunan da Majalisar Tarayya za ta iya aiki da su. Sai buƙatar malaman Hausa ta tashi gaba ɗaya, kwaleji da jami'a suka shiga yaye su.

Ribar da aka samu ba ƙarama ba ce. Waƙoƙin Narambaɗa da Salihu Jankiɗi da Ɗanƙwairo da Ɗan'anace, waɗanda da sai a fada ko a dandali ko a rediyo, suka zama abin rubuta kundi. Aka bi marubuta waƙoƙi irin su Sambo Wali Giɗaɗawa da Alƙali Haliru Wurno aka tattara ayyukansu. Malaman jami'ar suka fitar da littattafan da ake karantawa ko'ina, kamar Jigon Nazarin Waƙa da Salo Asirin Waƙa na Abdullahi Bayero Yahya, da littafin Aliyu Muhammad Bunza a kan Narambaɗa. Jean Boyd, wadda ta daɗe tana koyarwa a Sakkwato, ita da Beverly Mack suka buga ayyukan Nana Asma'u a kundi ɗaya a 1997. Adabin da ya fita daga Sakkwato cikin akwatin Burdon ya dawo ajin 'yan Sakkwato.

6.0 Inda Muka Bambanta da Norwe

Idan muka jera tarihin biyu, bambanci uku ke fitowa.

Na farko shi ne matsayin karin harshe. Ɗalibin da ya zo mana daga Wurno ko Gwadabawa ko Isa yana cewa munka tahi, shina zuwa, gida nai, biyat, wanga. A takardar jarrabawa kuwa sai muka tafi, yana zuwa, gidansa, biyar, wannan. Ba mu da ja a kan wannan, domin rubutu yana son ƙa'ida ɗaya. Inda gizo ke saƙa shi ne, da yawa daga cikin yaran nan sun taso tun daga firamare ana nuna musu cewa maganarsu ƙauyanci ce, kuskure ce da ake gyarawa da jan biro. Su kuma idan sun zama malamai haka za su yi wa na bayansu. Alhali wannan karin shi ne mabuɗin waƙoƙin masu jihadi da na Narambaɗa. Duk wanda ya taɓa mayar da baitin Narambaɗa zuwa Daidaitacciyar Hausa ya san yadda ma'aunin ke karyewa, domin munka da muka ba nauyinsu ɗaya ba. Ɗan Sakkwato yana zuwa aji da dukiyar da ɗan wani wuri sai ya yi wahala ya koya, mu kuma muna sa shi ya ajiye ta a bakin ƙofa. Mutanen Norwe sun magance wannan tun 1878, shi ya sa har yau ɗan majalisa da shehun malami ke magana da karin garinsu a bainar jama'a ba tare da jin kunya ba.

Sai dai a nan akwai gargaɗi. Raba rubutu gida biyu ya jawo wa Norwe gardama ta fiye da shekara ɗari. Yunƙurin haɗe rubutun biyu su zama ɗaya ya ci tura, har hukuma ta janye shi a 2002. Rubutun Aasen da ya kai kashi 34 cikin ɗari na 'yan firamare a 1944 ya sauko zuwa kashi goma da 'yan kai. Ba mu kira ga a ƙirƙiri rubutun Sakkwatanci ya yi gogayya da Daidaitacciyar Hausa ba. Ƙa'ida ɗaya da za a karanta daga Zariya har Damagaram alheri ce da ba a wasa da ita. Abin da muke so shi ne a rubuta Hausa ɗaya, a girmama bakin kowa.

Na biyu shi ne dawwamar doka. Abin da majalisar Norwe ta yanke a 1878 yana nan cikin dokar ilminsu. Mu kuwa an rubuta manufar harshen uwa a 1977, ba a tanadi isassun littattafai da malamai ba. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince a yi koyarwa da harshen uwa har ƙarshen firamare, a watan Nuwamba na 2025 kuma aka ba da sanarwar soke wannan. A shekarar ta 2025 ce maƙwabciyarmu Nijar ta ayyana Hausa harshen ƙasa. Malamin da aka horar a ƙarƙashin wata manufa, ya fito ya tarar da wata, ina zai sa gabansa? Iyaye ma suna kallo, kuma da wannan suke auna ko ɗansu ya karanta Hausa ko ya nemi wani fanni.

Na uku shi ne kula da littafi. Tun 1965 hukumar Norwe ke sayen kwafi ɗaruruwa na sababbin littattafan adabi tana rarraba wa ɗakunan karatu. A 1978 kuma aka kafa wata hukuma mai tallafa wa fassara adabinsu zuwa harsunan duniya, sunanta a taƙaice NORLA. Abin mamaki, wannan shi ne sunan hukumar adabi ta Jihar Arewa da ta yi aiki a Zariya, wadda aka rufe a 1959. Tasu tana nan tana aiki, tamu sai a littafin tarihi. Ɗalibin adabi kuwa ba ya ƙoshi da bayanin littafin da bai taɓa riƙewa ba.

7.0 Kammalawa

Mun ga cewa harshen Norwe ya taso ne daga ƙauye, ya bi ta makarantar horar da malamai ya shiga jami'a, sa'an nan ya fita duniya. Hausa kuwa ta soma daga jami'o'in Turai, ta sauka Kano da Zariya, kafin ta iso Sakkwato a shekarun 1970. Wannan ne ya sa har yanzu akwai tazara tsakanin Hausar aji da Hausar gida a wannan yanki.

Saboda haka muna ba wannan taro shawara huɗu. Ɗaya, a koya wa kowane ɗalibin Hausa a kwalejojin ilmi nahawun karin garinsu kafaɗa da kafaɗa da na Daidaitacciyar Hausa, ya san inda suka haɗu da inda suka rabu, don ya daina kiran bambanci kuskure. Biyu, a ƙarfafa karatun ajami har ɗalibi ya iya ɗaukar tsohuwar takarda ya karanta da kansa, a kuma riƙa kai ɗalibai wuraren ajiyar irin waɗannan takardu, kamar Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu da ke nan cikin gari. Uku, a yi aikin da Ivar Aasen ya yi da ƙafarsa: a rarraba ɗalibai gari-gari su naɗo kalmomin noma da su da kiwo da jima da saƙa daga bakin tsofaffi, a tara su a yi ƙamusun Hausar yamma, wanda zai zama abokin Ƙamusun Hausa da Jami'ar Bayero ta fitar a 2006. Huɗu, ƙungiyoyinmu su tunkari majalisun jihohi don a sami doka tabbatacciya a kan koyarwa da Hausa a azuzuwan farko, tare da kason kuɗin littattafai.

Uku na farko ba su buƙatar izinin kowa daga Abuja. Suna hannun sassan Hausa na kwalejojinmu da jami'o'inmu, watau suna hannun mu da ke zaune a wannan zaure. Muna fata mahalarta za su tattauna su, su gyara inda ke son gyara.